Yadda Ake Canza Makunnin Fitila da Ya Lalace a Gida

Tun da zafi ya shigo tambayar makunni ba ta yanke ba. Wani daga Badariya ya ce nasa sai an danna an riƙe kafin ƙwai ya kama. Wata daga Jega ta ce na ɗakinta yana ƙara ƙis-ƙis, in ta taɓa shi da dare sai ta ji ɗumi. Wani kuma yara ne suka buga masa ƙwallo, murfin ya tsage har ana hango waya. Maganin duka ɗaya ne, shi ya sa na haɗa amsar wuri guda.

Aikin ba shi da wuya: noti biyu a waje, biyu ko uku a ciki. Amma wutar da ke bayan wannan 'yar robar ita ce dai mai ƙarfin bolt 230 da ke yawo a duk gidan, kuma tana kisa. Hatsarin yana cikin jerin aikin, me ka fara yi, me ka bari sai daga baya. Kada ka tsallake lamba ko ɗaya.

1. Tabbatar makunnin ne ya lalace

Da yawa sun sayi sabon makunni alhali ƙwai ne ya mutu. Cire ƙwan ka gwada shi a wani ɗaki, ko ka kawo wanda ka san yana aiki ka sa a wurinsa. Duba mariƙin ƙwan, wato holda: in ta yi baƙi ko ta narke, laifinta ne. Leƙa akwatin bireka, wato ƙananan makunnan da ke yanke wuta da kansu in an sami matsala, ka ga ko wata ta faɗi. In gidan layi uku ne, duba ko layi ɗaya ne ya ɗauke, domin a nan za ka ga ɗakuna biyu ko uku sun mutu tare, sauran suna da wuta.

Shi makunni yana da alamominsa. Ya daina yin ƙas idan an danna, ya saki yana lilo. Ƙwai na kyaftawa in ka girgiza shi. Kana jin ƙara ko ka ga tartsatsi a ciki. Fuskarsa ta yi ɗumi, ko ta sauya launi zuwa ruwan ƙasa, ko kana jin ƙaurin roba. Ƙara, ɗumi da ƙauri ba a kwana da su. In ba za ka yi aikin yau ba, ka sauke birekar wannan layin har zuwa lokacin da za ka yi.

2. Kayan aiki da sayen sabo

Kana buƙatar testa (wato 'yar sukundirebar nan mai ɗan ƙwai da ke haskawa in ta taɓa wuta), sukundireba mai lebur da mai tauraro masu hannun roba, filaya, salatif na wuta, 'yar wuƙa ko reza, tocilan, da wayarka don ɗaukar hoto. Ka ƙara da ɗan sandan kwanekta, irin farar robar nan mai ƙananan notuka da ake haɗa waya da waya, ko da za a buƙata. Takalmin roba busasshe a ƙafa, kuma cire zobe da agogon ƙarfe.

Kafin ka je kasuwa ka ƙirga maɓallan da ke fuskar makunnin: ɗaya, biyu ko uku. Masu shago za su ce maka wan-gan, tu-gan, tiri-gan. Sai tambaya ta biyu: wannan ƙwan daga wuri ɗaya ake kunna shi, ko daga wuri biyu, kamar ƙwan zaure da ake kunnawa daga bakin ƙofa a kashe daga cikin gida? Na wuri ɗaya shi ne wan-we, ramin waya biyu gare shi. Na wuri biyu shi ne tu-we, mai rami uku. In kana shakka sayi tu-we, domin yana yin aikin wan-we, shi kuwa wan-we ba ya yin nasa.

A shagunan kayan wuta na babbar kasuwar Birnin Kebbi, kana cewa makunni mai shago zai tambaye ka, "Alhaji, wanne kaka so, mai kyau ko mai sauƙi?" Ce masa ya ba ka duka biyun a hannu. Sunan kamfanin da ke jikin kwali ba hujja ba ne, jabu sun yi yawa. Juya bayan makunnin ka duba. Mai kyau ya fi nauyi, ramukan wayarsa ba na farin ƙarfe ba ne, na tagulla ne mai kauri, notinsa yana shiga sumul ba ya karkacewa, in ka danna yana ba da ƙas mai ƙarfi. In kana da ɗan maganaɗisu, kara shi jikin ramin: tagulla ba ta kama shi, baƙin ƙarfen da aka shafa wa launin rawaya kuwa zai manne. Duba rubutun ƙarfinsa, yawanci za ka ga 10A da 250V, kuma wannan ya ishi ƙwai da fanka.

Maganar kuɗi: farashi na sauyawa tsakanin wata da wata, amma makunnin roba na yau da kullum yana tsakanin 'yan ɗaruruwan naira zuwa 'yan dubbai, gwargwadon inganci da yawan maɓallai. Tambayi shago biyu ko uku. Abin da ke tsakanin mai kyau da mai sauƙi sau da yawa bai kai kuɗin kabu-kabun da za ka sake biya ba in mai sauƙin ya ƙone. Araha ba ta ado. Testa da salatif ma ba su da tsada, kuma sau ɗaya ake sayensu su daɗe.

Gargaɗi: akwai makunnai masu fuskar ƙarfe, ruwan zinari ko azurfa, suna da kyau a falo. Irin waɗannan dole sai an haɗa musu wayar ƙasa, wato wayar kariya da ke kai wuta ƙasa in ta taɓa ƙarfen, wadda masu wayarin ke kira at. Gidajenmu da yawa ba a ja wannan wayar zuwa makunni ba. In babu ita a akwatinka, sayi na roba.

3. Kashe wuta, kuma ka gani da idonka ta mutu

A nan ne nake son ka fi natsuwa, domin a nan ake yin kuskuren da ya fi kowanne.

Mutane na cewa bari NEPA su ɗauke sai in yi sauri in gyara. Wannan ba kashe wuta ba ne. Kamfanin Kaduna Electric da ke raba wuta a Kebbi, Sakkwato, Zamfara da Kaduna ba zai buga maka waya kafin ya maido ba. Yana iya dawowa bayan awa biyar, yana iya dawowa bayan minti biyu, lokacin da tsirarar waya ke tsakanin yatsunka.

Shawarata ita ce ka yi aikin lokacin da akwai wuta, da rana. Dalili: sai da wuta za ka iya tabbatar da cewa abin da ka kashe shi ne ke ciyar da ɗakin. In babu wuta, ko ka kashe daidai ko ka kashe kuskure, testa shiru za ta yi, ba abin da ka gane.

Ga jerin. Da farko gwada testarka a soket ɗin da ka san yana da wuta, yatsa a kan ƙarfen da ke ƙeyarta, ka ga ta kama. Testar da ba a gwada ba ba a yarda da ita. Sannan kunna fanka ko wani ƙwai a ɗakin da za ka yi aiki. Je ka sauke babban makunnin gidan gaba ɗaya, ka dawo ka ga fankar ta tsaya.

Na ce babban makunni, ban ce ƙaramar bireka kawai ba. Ƙaramar bireka waya ɗaya take yankewa. In mai wayarin da ya yi gidan ya juya wayoyi a wani wuri, ko rubutun da ke kan akwatin bai dace da ɗakunan ba, za ka sauke bireka wuta na nan. Minti ashirin na rashin fanka ba zai kashe kowa ba.

Sai sauran hanyoyin da wuta ke shigowa. In akwai janareta, a kashe shi, a sa canji, wato makunnin da ke sauya gida tsakanin NEPA da janareta, a tsakiya inda ba ya kan kowane layi. In akwai sola da inbata, kashe inbatar daga jikinta, ka sauke birekar da ke fitar da wutarta zuwa gida. Inbata aikinta ke nan ta karɓi gida da zarar layi ya yanke, cikin ƙiftawar ido, ba ƙara ba hayaƙi. Mutum zai sauke babban makunni ya ɗauka ya gama, alhali ƙwayaye da fankoki na kan batir. A gidan haya kuma ka binciki inda ɗakinka ke shan wuta, domin akan sami ɗaki a wannan sashe amma an jawo masa layi daga mitar maƙwabci.

Faɗa wa mutanen gida. Ka ce da uwargida ko babban yaro, "Ina aikin wuta, kada kowa ya taɓa akwatin nan sai na ce." Manna salatif a kan makunnin da ka sauke don wanda bai ji ba ya gani. Zafin Afrilu yana sa mutum ya ga fanka ta tsaya ya nufi akwati kai tsaye ba tare da tambaya ba.

Gargaɗi: in tsohon gida ne da ba shi da babban makunni, sai fis ɗin katawut, wato babban fis ɗin da ke kusa da mita, kada ka zare shi da kanka, kada kuma ka taɓa hatimin mita. Kira mai wayarin, ka roƙe shi ya sa maka babban makunni a wannan zuwan.

4. Buɗe murfin, sake gwadawa

Kwance notuka biyun da ke fuskar. A wasu sababbin samfura an ɓoye su ƙarƙashin ƙananan marufai ko wani firam da ake ɓamɓarewa da bakin sukundireba. In fenti ya manne shi da bango, bi gefen da reza, in ba haka ba zai taho da filasta. Aje notukan a murfin kwalba, tsofaffin sukan fi sababbin dacewa da ramin.

Jawo shi a hankali, riƙe da gefe, kada yatsa ya zagaya baya. Ɗora testa a kan kowane noti, ɗaya bayan ɗaya, maɓalli a kunne sannan a kashe. Kare hasken rana da tafin hannu, domin ɗan hasken testa ba ya fita sosai a wuri mai haske. Gwada duk wata waya da ka gani a akwatin, har da akwatin kansa in na ƙarfe ne. In ta kama ko kaɗan, tsaya, koma lamba 3.

Kada ka yi mamakin abin da za ka tarar. Akan sami ƙurar hunturu ta yi tudu a ƙasan akwatin, ko matattun kiyashi sun cika tsakanin ƙarafan, sun ƙone sun zama baƙin gari, ko zanzaro ya yi gini a kusurwa. Share da busasshen buroshi. Ban da ruwa, ban da fesa maganin ƙwari a ciki.

Gargaɗi: in wuta ta kama wani, kada ka cafke shi da hannu. Kashe babban makunni, in ya yi nisa ture shi da busasshen katako, sannan a kai shi asibiti ko da ya ce ya warware. In waya ta kama da wuta, yanke layin tukun, a zuba yashi. Ba a watsa ruwa.

5. Ɗauki hoto, sa alama

Kafin ka kwance ko waya ɗaya, ɗauki hoto biyu ko uku inda rubutun ramukan ya fito. Za ka ga COM ko C ko L a rami ɗaya, shi ne mashigar wuta. Sai L1, mafita zuwa ƙwai. A tu-we akwai L2. Naɗa ɗan salatif a wayar da ke COM don kada ta ɓace maka. In mai maɓalli biyu ko uku ne, rubuta lamba a takarda ka manna wa kowace.

Launi yana taimakawa amma kada ka dogara da shi. A tsohon tsari ja ita ce mai wuta, baƙa ta dawowa, kore ta ƙasa. A sabon tsari ruwan ƙasa ce mai wuta, shuɗiya ta dawowa, kore da rawaya ta ƙasa. Sai dai a makunni sau da yawa za ka ga ja da baƙa, kuma baƙar nan ba ta dawowa ba ce, ita ke ɗaukar wuta zuwa ƙwai idan an kunna. Ga kuma masu aikin da duk launin da ya rage musu a nadi shi suke ja. Inda waya take a tsohon makunni shi ne abin bi.

A mai maɓalli biyu ko uku za ka ga 'yar gajeriyar waya ta tsallaka daga COM ɗaya zuwa wani. Ita ke raba musu wuta. In ka manta da ita, ƙwai ɗaya ne zai kama.

Gargaɗi: in ka ga wasu wayoyi a can ƙuryar akwatin an haɗa su an naɗe, ba su shiga makunni ba, bar su yadda suke. Yawanci na dawowa ne. Wanda ya cusa ɗayarsu a makunni, yana dannawa zai ji ƙara kamar bindiga, bireka ta faɗi, in babu bireka mai kyau waya ta ƙone a cikin bango.

6. Kwance tsohon, duba bakin wayoyin

Sassauta notin, zaro wayar. Lura da wanda ka tarar a sake, domin mafi yawan makunnan da suka ƙone daga nan ciwon ya faro: noti ya saki, wuta na tsalle a ɗan ratar, wuri ya yi zafi, roba ta gasu. In makunnin bai yi baƙi ba, maɓallinsa na ƙas, noti ne kawai ya saki, ɗaure shi ya wadatar, ka aje sabon. In ya taɓa ƙonewa ko kaɗan, jefar.

Bakin waya mai lafiya jan ƙarfe ne mai sheƙi. In ya yi baƙi, ko rigarsa ta bushe tana farfashewa, yanke har inda ta yi laushi, ka fere sabon baki kamar santimita 1. Fere a hankali, kada reza ta ci ƙarfen, domin wurin da ta ci nan zai karye in ka lanƙwasa. Wayar fitila yawanci mai kaurin murabba'in milimita 1.5 ce, ba ta da jiki sosai.

In wayar ta gajarce ba ta kai ba, kada ka ja ta da ƙarfi, kada kuma ka murɗa wata a kai ka naɗe da salatif kawai. Irin wannan haɗin ne ke zafi bayan 'yan watanni. Ƙara guntuwa mai kauri iri ɗaya ta cikin kwanekta, ka ɗaure notin biyu.

7. Ɗaura sabon

Kwatanta bayan sabon da hotonka. Bi rubutu, kada ka bi matsayi, domin wani kamfani COM ɗinsa na sama, wani na ƙasa. Wayar da ka yi wa alama ta shiga COM, ɗayar L1. In tu-we kake sa wa a gurbin wan-we, bar L2 ba kowa. In tu-we ne na gaske, wayoyi biyun da suka rage su shiga L1 da L2. Ko ka juya su zai yi aiki, amma COM ba ta karɓar kuskure. Alamar an ɓata COM ita ce ƙwai ya riƙa kamawa daga makunni ɗaya sai in ɗayan yana wani matsayi.

Ya fi sauƙi ka riƙa ciro waya ɗaya daga tsohon kana sa ta a sabon nan take, musamman a mai maɓalli uku.

In wayar silli-silli ce, murɗa ta da filaya ta haɗe, kada sili ɗaya ya leƙo waje. In ƙwaya ɗaya ce siririya, ninka bakin biyu don noti ya sami abin kamawa. Tura ta yadda noti zai danne ƙarfe, ba riga ba, kuma kada tsiraicin ƙarfe ya rage a waje. Ɗaure tamau, amma kada ka matse har noti ya yanke ta. Sannan ja kowace waya da yatsa biyu. Wadda ta motsa, sake ta. In akwai wayar ƙasa, ta koma kan notinta a jikin akwati.

8. Mayar da shi bango

Duba sama da ƙasa. A tsarin da muke bi, danna ƙasan maɓalli shi ne kunnawa, kuma wasu makunnan suna da kibiya ko rubutun TOP a baya. Lanƙwasa wayoyin su kwanta a ciki, ka kauce wa hanyar notukan fuska, domin noti na iya huda rigar waya ba ka sani ba. Ɗaure hagu kaɗan, dama kaɗan, har ya zauna daidai. Matsewa da yawa na tsaga roba.

In kunnen akwatin ya karye ko ya lashe, noti na juyawa ba ya kamawa, kada ka cusa tsinke ko ka bar makunni na reto. A canza akwatin. Na kan bango, irin wanda ake kafawa a gidajen laka da shaguna, kwance shi kawai ake yi a sa wani.

9. Maido da wuta

Sai an rufe murfi ruf. Bar sabon makunnin a kashe, je ka ɗaga babban makunni, ka dawo ka kunna. Gwada sau uku ko huɗu. In tu-we ne, gwada daga ɓangarorin biyu ta kowace fuska. Bar ƙwan ya yi kamar rabin awa, sannan ɗora bayan hannu a fuskar makunnin. Sanyi ya kamata ka ji. Daga nan ka maido da inbata.

In bireka ta faɗi, kada ka sake ɗaga ta don gwaji. Kashe komai, koma lamba 4, nemi wayar da ta taɓa wata ko ta taɓa akwati. In ya kama amma a juye, kashe wuta, juya makunnin, ko ka mayar da wayar L1 zuwa L2.

10. Inda za ka tsaya ka kira mai wayarin

In ƙunar ta bi waya har cikin bututu inda ba ka ganin ƙarshenta. In bangon na jiƙe, kamar yadda kan faru da damina a ɗakin da rufi ke yoyo ko bangon da ke jingine da banɗaki. In bango ko ƙofar ƙarfe na ɗan jan mutum. In wayar da ka fere fara ce ba ja ba, alamar alminiyam ko jabun waya. In ka buɗe ka ga abin da bai yi kama da komai a nan ba.

Akwai kuma wanda ake rainawa: ka kashe makunni amma ƙwan na ci gaba da ɗan haske a duhu, ko mai canza ƙwai ya ce holda ta ja shi alhali makunni na kashe. Sau da yawa ma'anarsa an sa makunnin a kan wayar dawowa maimakon mai wuta, don haka holda na da wuta dare da rana. Sabon makunni ba ya gyara wannan, sai an juya wayoyin daga sama.

In kuma wannan ne karo na biyu ko na uku da makunnin wuri ɗaya ke ƙonewa, bi layin ka ga me aka ɗora masa. Akan jawo soket daga bayan makunnin fitila don cajin waya, daga baya a jona dutsen guga ko hitar dafa ruwa. Siririyar wayar fitila ba ta ɗaukar wannan nauyin. Hita, na'urar sanyaya ɗaki da injin jan ruwa kowanne na son layinsa daga akwatin bireka, da waya mai kauri, da makunni mai 20A. Idan mai wayarin ya zo, nuna masa tsohon makunnin da hotunan da ka ɗauka, ku yi cinikin kuɗin aiki daban da na kaya kafin ya fara, kuma ka tsaya ka ga ya kashe babban makunni shi ma. In gidan haya ne, sanar da mai gidan kafin a fasa bango.